An raba wa makafi waya, to wa zai koya musu? Ga inda gizo ke saƙar

Tambayar da ta tayar da musu a majalisarmu bayan la'asar ita ce, wai don me za a ce sai an ɗauki mutum an horar da shi na musamman kafin ya koya wa makaho amfani da waya ko kwamfuta? Wani abokinmu mai shagon caji ya ce ai wannan hanyar cin kuɗi ce kawai, waya waya ce, yaron da ya gama firamare ma zai nuna wa mutum inda ake dannawa. Wani kuma ya ce shi tun farko bai ga abin da makaho zai yi da wayar shafawa ba tunda gilashi ne sumul babu madanni ko ɗaya. Duk sanda hoton rabon tallafi ya fito a Facebook, an jera masu lalurar gani a kan fararen kujeru ana miƙa musu kwali ana ɗaukar hoto, irin wannan musun sai ya taso, masu yabo na yi masu zagi na yi, amma da wuya ka ji wanda ya ce toh bayan an watse wa zai zauna da su ya koya musu?

Ni abin ya shafe ni kai tsaye. Baffana, ƙanin mahaifinmu, hawan jinin ido ne ya cinye masa gani yana da shekara hamsin da 'yan kai. Ɗansa da ke ɗinki a Kano ya aiko masa da Android sabuwa fil, wani ɗalibi da ya zo hutu ya kunna masa manhajar da ke magana ya koma makaranta. Shikenan waya ta kama surutu da Turanci, ka taɓa abu ba ya buɗewa sai dai ta faɗi sunansa, yara suka ce ta lalace, aka kai wa wani mai gyara ranar kasuwar Ringim, shi kuma bai yi wata-wata ba ya yi mata filashin ya karɓi kuɗinsa. Waya ta koma hannun jikoki suna kallon bidiyo, Baffa ya koma wa rakani-kashinsa yana laluben ɗan ɗigon nan da ke kan lamba 5. Lafiyar wayar ƙalau fa. Malami ne babu.

Wai me ake nufi da kayan tallafin gani?

Duk wani abu da zai sa wanda ba ya gani, ko mai gani kaɗan, ya yi da kansa abin da da sai an yi masa, shi ake nufi. Farar sanda na ciki, madubin ƙara girman rubutu na ciki, agogo mai magana, da ɗan allon nan mai ramuka da tsinken da ake huda takarda da shi a yi rubutun makafi. Shi wannan rubutun wani Bafaranshe ne Louis Braille ya ƙirƙiro shi a 1824 yana ɗan shekara 15, ɗigo shida ne kacal ake jujjuyawa su ba da siffa 63, da su ake rubuta haruffa da lambobi har da Alƙur'ani.

Amma abin da ake ta magana a kai yanzu shi ne manhaja mai karanta abin da ke kan sikirin da murya. A Android sunanta TalkBack, a iPhone VoiceOver wadda Apple ya saka tun 2009. A kwamfuta akwai JAWS, ita lasisinta da dala ake saye kuma da tsada, sai NVDA wadda kyauta ce, wasu makafi biyu 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, suka gina ta, an faro tun 2006. Akwai kuma irin su Lookout na Google da Seeing AI na Microsoft da za ka haska wa takarda kyamara su karanta maka, da Be My Eyes da ya fito daga Denmak a 2015, wanda zai haɗa makaho da wani ɗan sa-kai mai ido ta kiran bidiyo ya duba masa abu.

Abin da yawanci ba mu sani ba shi ne TalkBack ɗin nan ba saya ake ba, a yawancin wayoyin Android tana ciki tun daga kamfani. Ke nan a ƙauyenmu akwai ta a aljihun mutum fiye da ɗari, ba wanda ya san aikinta, in ma ta kunnu bisa kuskure sai a ce waya ta haukace.

Makaho daban, mai raunin gani daban

Nan ne wajen farko da mara horo yake faɗuwa. Mu a wajenmu duk makaho ne, alhali mafi yawan masu lalurar suna da ɗan sauran gani. Wani yana ganin gefe ba ya ganin tsakiya, wani kamar ta cikin bututu yake kallo, irin su Baffa kafin ya rufe gaba ɗaya, zabiya kuma hasken rana ne ke damunsa, wani da magariba ta yi shikenan. Mai sauran gani sau da yawa ba murya yake buƙata ba, a ƙara masa girman haruffa, a juya launi ya zama farin rubutu a kan baƙi, a nuna masa yadda zai zuƙo sikirin, a gyara masa inda zai zauna haske ya zo ta bayansa. In ka ɗora masa TalkBack ka wahalar da shi a banza, in kuma ka bar wanda ganinsa ke tafiya kullum a kan manyan haruffa, shekara mai zuwa za ku dawo farko.

Sannan akwai wanda ma ba koyon waya ne gabansa ba, asibiti ne. Binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya gano kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, sama da mutum miliyan ɗaya, kuma kashi 84 cikin ɗari na makantar irin wadda ake iya karewa ko warkarwa ce, yanar ido ce a kan gaba. Aikin yana kuwa ana yin sa a Kano, a asibitin ido na ECWA da na Makkah, ga cibiyar ido ta ƙasa a Kaduna. Malamin da ya san aikinsa tambayar farko da zai yi ita ce, likitan ido ya duba ki Inna? Me ya ce? Kar a shafe wata shida ana koya wa tsohuwa shafa gilashi alhali aikin ɗan lokaci zai buɗe mata ido.

Me ya sa iya waya bai isa ba?

Mu masu ido da nuni muke koyarwa. Danna nan, a'a can, wancan koren da ke ƙasa. Hausawa suka ce gani ya kori ji, toh a wannan ajin ji ne ya kori gani, duk wani nan da can da kore da ja ba su da amfani. Kuma da an kunna TalkBack wayar ta zama wata daban, taɓawa ɗaya tana faɗar sunan abu ne kawai, sai ka ƙwanƙwasa sau biyu zai buɗe, ka shafa dama ta tafi abu na gaba, ka shafa hagu ta dawo, in za ka gangara ƙasa sai da yatsa biyu. Wanda ya shekara goma yana latsa waya in ka kunna masa ita ko kira ba zai iya ɗauka ba, na gani da idona, shi abokin namu mai shagon caji gumi ya dinga yi.

Wanda ya fitar da Baffa daga wannan wani matashi ne makaho da ya yi karatu a makarantar Tudun Maliki a Kano, wata 'yar'uwarmu ta haɗa mu da shi ya zo ya yi mana kwanaki. Ranar farko ban ji daɗinsa ba, don ko kunna wayar bai yi ba. Ya sa ta a tafin Baffa ya ce, Baba ku zagaya ta da yatsa, ku gaya min ina rami yake ina maɓalli yake, wanne ne sama wanne ne ƙasa. Sai da suka yi wajen rabin awa a haka a kan tabarma a zaure. Da ya kunna ta kuma sai ya rage saurin muryar sosai, ya ce yau abu ɗaya za mu yi, ƙwanƙwasa biyu, kamar kuna buga ƙofar ɗakin da ba kwa so yaro ya farka. Baffa yatsunsa na manomi ne, ya dinga danna gilashin kamar zai fasa, kuma tsakanin bugun farko da na biyu sai ya tsaya yana sauraro, waya ta ɗauka taɓawa ɗaya ce sau biyu. Ni na ƙagu na miƙa hannu zan karɓa in nuna masa, malamin ya ji motsina ya ce, Yaya don Allah kar ka taɓa, in ka karɓa yau gobe ma kai zai nema. Ya ɗora yatsansa a bayan hannun Baffa ya buga masa kiɗan, taf taf, taf taf, har hannun ya ɗauka. Da Baffa ya buɗe wajen kira da kansa ya ce, kai ɗan nan, ashe ba aljanu ba ne.

Ka ga wannan abin da ya yi, na hana ni karɓar wayar, da farawa daga jikin waya kafin cikinta, da raba aiki gutsi-gutsi, ba iya waya ba ne, iya koyarwa ne, kuma koyon sa ake yi.

To me ake koya wa shi malamin?

Na farko ya iya kayan da kansa ba tare da ido ba. In mai gani ne sai an rufe masa sikirin, TalkBack da VoiceOver duk suna da wajen da ake baƙanta fuskar waya gaba ɗaya, a kwamfuta kuma a ɗauke masa linzami a bar shi da kibod, ya nemo ɗan tudun da ke kan F da J ya jera yatsunsa, ya rubuta wasiƙa ya aika da kunne kaɗai. Wanda bai sha wannan wahalar ba ba zai san inda ɗalibi zai maƙale ba.

Sai auna ɗalibi, yaya ganinsa, yaya jinsa, don tsofaffi da yawa kunnen ma ya yi nauyi, mai ciwon suga kuma yatsunsa ba sa jin ɗigo sosai, ya yi boko ko allo kawai ya yi, kuma me yake so ya yi da wayar. Wannan na ƙarshen shi ake yawan tsallakewa. Baffa ba ruwansa da imel, abu uku yake so, ya kira ɗansa ba sai ya nemi yaro ba, ya saurari tafsiri, ya aika saƙon murya a WhatsApp. Ɗalibar da za ta rubuta JAMB kuma buƙatarta daban, ma'aikacin ƙaramar hukuma da ido ya mutu masa yana tsoron a ajiye shi shi ma daban.

Akwai gyare-gyaren yau da gobe, murya ta ɗauke, an sabunta manhaja maɓalli ya canza waje, wani afilikeshon banki da aka gina ba a sa wa maɓallansa suna ba sai dai ka ji waya na cewa maɓalli, maɓalli, ba ka san na tura kuɗi ne ko na fita ba. Akwai kuma ladabin aikin, yadda za ka nemi izini kafin ka kama hannun mutum, yadda za ka juya baya ko ka sa masa iyafis in zai saka lambar sirri, da yadda za ka zauna da wanda bai daɗe da rasa ido ba yana cikin ƙunci, wani sai ya yi kuka a gabanka kafin a fara darasi. A Amurka abin har takardar shaida gare shi ta musamman da ake kira CATIS, sai mutum ya yi karatu ya yi aikin gwaji a ƙarƙashin gwani ya ci jarrabawa.

Sai abin da babu shi a littafin Bature, wato Hausa. Muryar da ke zuwa da yawancin wayoyi ta Turanci ce, in ta gamu da rubutun Hausa sai ta dinga taunawa kamar baƙon da ya sauka jiya, balle ta haɗu da ƙ da ɗ da ɓ. Wanda bai yi boko ba dole malami ya mayar masa da kalmomin wayar kamar sunayen mutane, in ka ji ta ce kaza to kira ne, in ta ce kaza saƙo ne, ya haddace wajen ashirin ko talatin ya isa ya fara tafiya. Mutanenmu kuwa wajen hadda ba a gaya musu, wanda ya riƙe izu sittin a ka ba kalma talatin ce za ta gagare shi ba.

Me ya sa malaman suka yi ƙaranci?

Ba wai ba a daɗe da karantar da makafi a ƙasar nan ba, makarantar makafi ta Gindiri a Filato tun 1953 take. Kwalejin horar da malaman masu buƙata ta musamman ta tarayya tana Oyo tun 1977, jami'o'in Ibadan da Jos da Bayero suna da sashen wannan fanni. Amma ɗan ƙauyen Jigawa ya tafi Oyo shekara uku ba ƙaramin abu ba ne, wanda ya je ya dawo kuma birni yake zama inda makarantar take da albashin. Sannan karatun ya fi ƙarfi a kan rubutun Braille da koyar da yara a aji, ita kuwa waya duk shekara sai ta sake salo, malamin da ba a sake tura shi bita ba an bar shi a baya. Kuma mafi yawan makafinmu ba yaran makaranta ba ne, manya ne da ido ya mutu musu da girma, su ba ajin da ke jiran su.

A takarda kam an yi tanadi. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ce makarantun gwamnati su samu ma'aikacin da aka horar da kayan aiki, ta ware musu kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, an kafa musu hukuma ta ƙasa a 2020, Kano da Jigawa ma kowacce na da tata dokar. Amma ni a ganina babban dalilin shi ne kwali yana fitowa a hoto, malami ba ya fitowa. Sayen waya ɗari kwangila ce ta rana ɗaya, biyan malami kuɗin mashin ya dinga zaga ƙauyuka wata shida ba wanda zai yanka kyalle a kansa. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2022 ya ce mutum biliyan 2.5 ne a duniya ke buƙatar kayan tallafi iri-iri, ba na gani kaɗai ba, kusan biliyan ɗaya ba sa samu, kuma rashin ma'aikatan da aka horar na cikin dalilan da ya lissafa.

Wa ya kamata a horar?

Nan ma ba a taru an zama ɗaya ba. Masu satifiket suna cewa aikin nasu ne, sun karanci hanyar koyarwa, sun san auna ɗalibi da rubuta rahoto, kuma da gaskiyarsu, don ba duk makahon da ya iya waya ne ya iya koyarwa ba, wani muryar wayarsa gudu take kamar an saki kaset, ya manta yadda farko yake sai ya dinga faɗa da ɗalibi. Su kuma makafin suna cewa wanda ya kwana a ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma in makaho ya ji ɗan'uwansa na aika saƙo da kansa gardama ta ƙare, ba zai ce ai don kana gani ne ba. Baffa bai yarda zai iya ba sai da ya laluba fuskar malamin nan a ransa ya gane shi ma duhun ɗaya suke ciki.

Ni na fi karkata ga makafin, a zaɓo masu haƙuri a cikinsu a koya musu koyarwa a biya su, ya zama sana'a, masu satifiket su zama masu duba aikinsu. A shigo ta hannun sarakunan makafi da ƙungiyar makafi, su suka san wa ke ina. Amma kar a manta mata. Matar aure a ƙauye ba za a bar namiji baƙo ya shiga ya kama mata yatsa ba, kuma bai kamata ba, in ba a horar da malamai mata ba an cire rabin jama'a tun kafin a fara. Su kuma masu shagon caji da masu gyara, ba malamai za a mayar da su ba, yini ɗaya ya ishe su, su san TalkBack ba cuta ba ce, su san inda ake kunna ta da kashe ta, su daina filashin.

Abin da ba na so shi ne bitar kwana uku a otal, a ci shinkafa a karɓi alawus da takarda a watse. Wannan aikin baban giwa ne.

Akwai kuma masu cewa tunda waya na magana a bar Braille. Ga dattijo irin Baffa haka ne. Ga yaro kuwa a'a, kunne ba ya koya maka yadda ake harhaɗa kalma ko jera lissafi, yaron da bai taɓa harafi da yatsa ba yana ji ne ba karatu yake ba.

Me zai canza wa talaka?

Kuɗi ne na farko. Tun wahalar takardun Naira ta farkon 2023 kowa ya koma tiransifa da POS, makaho kuwa sai ya faɗa wa mai POS lambar sirrinsa a kasuwa kowa na ji, ko ya ba yaro ya duba masa alat, an cuci mutane da yawa a haka kuma wani lokacin na gida ne. Wanda ya iya sauraren saƙon bankinsa da iyafis ya rufe wannan ƙofar. Na biyu ɗan jagora, yaron nan da ake hana shi makaranta don ya riƙe sanda ya duba waya, duk aikin da aka sauke masa awa ɗaya ce ya samu ta karatu, ko da yake waya ba ta maye gurbin koyon tafiya da farar sanda, wannan wani fanni ne da nasa malaman. Na uku ɗalibai, JAMB tun 2017 ta kafa kwamiti na musamman ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola mai shirya wa makafi jarrabawa, amma shiga jami'a ɗaya ne, zama a cikinta ɗaya ne, wanda ya iya NVDA zai karanta handawut ya rubuta aikinsa ba sai ya roƙi abokin ɗaki ba.

Wahalhalun kuma suna nan, wayar da ke magana duk yini tana shan caji, mu kuwa wuta sai a shagon sola, ga kuɗin data, ga sabis da sai ka fita bakin gari, ga 'yan damfara masu kira su ce daga banki suke, wanda shi ma darasi ne da dole malami ya saka a ciki.

Malamin Baffa ya koma Kano tun bayan sallah. Makon jiya da daddare Baffa ya kira ni da kansa, ya ce ɗan nan, wajen saƙon muryar nan ya gudu daga inda na san shi, na shafa na shafa ban same shi ba. Na je na duba, an sabunta manhajar ne. Na rufe idona na gwada nemo shi yadda zan iya kwatanta masa da baki, na kasa, sai da muka kira malamin ya bi da mu ta waya a hankali, kiran ya katse sau biyu saboda sabis. A duk mazaɓarmu lambarsa ce kaɗai muke da ita.